Zauren Masu Karatu: Udemy, Skillshare ko YouTube, ina zan kai kuɗina in koyi sana'a?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili namu. Wannan karon saƙonnin da suka fi yawa a kan koyon sana'ar fasaha ta intanet ne, masu son girafiks, masu ɗinki, masu ɗaukar hoto da haɗa bidiyo, kowa na tambayar ina zai kai kuɗinsa. Na zaɓo guda biyar, na cire sunaye kamar yadda muka saba, na bar unguwa ko gari kawai.

TAMBAYA

Salam Malam, fatan kana lafiya ya aiki ya iyali. Ni ɗalibi ne a nan Gwallameji, na daɗe ina son koyon girafiks saboda ina ganin yara sa'o'ina suna samun na kashewa da haɗa fosta da katin biki, to na tara dubu 45 daga ɗan aikin POS da nake taya yayana, sai wani abokina ya ce in sayi kwas a Udemy, wani ya ce a'a Skillshare ne na masu zane, wani kuma ya ce duk ɓarnar kuɗi ne YouTube ya isa, kaina ya ɗaure wallahi. Ba ni da laftof, wayar Tecno ce a hannuna. Don Allah wanne zan biya?
Daga wani ɗalibi, Gwallameji, Bauchi

AMSA

Wa'alaikumussalam ƙanena, Allah ya sa wa nema albarka. Ka riƙe dubu 45 ɗinka tukuna, kar ka ba kowa. Ba wai don wuraren da abokanka suka faɗa ba su da kyau ba ne, a'a, maganar da ka rufe saƙonka da ita ce ta sa na ce haka, wato ba ka da laftof. Mafi yawan kwasa-kwasan girafiks da za ka gani a Udemy an yi su ne a kan Photoshop da Illustrator, su kuma a kwamfuta ake aiki da su, malamin zai ce danna nan, ja can, kai kuma kana riƙe da waya kana kallo kamar mai kallon fim. Skillshare kuma darussan zanensu da yawa a kan Procreate ake yi, ita kuwa manhajar nan ta kayan Apple ce, a iPad ake zane da ita, ba ta hawa Tecno ko Infinix ko itel. Ka ga kenan za ka iya biyan kuɗinka cif ka shiga, darasi mai kyau, malami ƙwararre, amma ko layi ɗaya ba za ka ja ba.

Bari dai in ɗan warware maka bambancinsu tunda shi ne ya ɗaure maka kai. Udemy tun 2010 take, kuma kamar kasuwa ce, kowa na iya kafa rumfarsa ya sayar da kwas, shi ya sa za ka tarar da gwanin gaske kusa da wanda jiya-jiya ya koya. Kwas ɗaya kake saya ka biya sau ɗaya ya zama naka, duk ranar da ka ga dama ka koma, kuma suna yawan karya farashi, saboda haka wanda ya sayi kwas ɗinsu a kan cikakken kuɗin da aka rubuta ya yi gaggawa, ka ɗan jira kwanaki za ka ga ya sauko sosai. Suna kuma mayar da kuɗi cikin kwana 30 a yawancin kwasa-kwasan in ba ka cinye darussan ba. Skillshare ita ma 2010 ta fara, a New York, amma tsarinta daban ne, ba ka sayen kwas, kuɗin zama ɗan gida kake biya ka kalli duk abin da ke ciki, ranar da kuɗinka ya ƙare ƙofa ta rufe. Darussansu gajeru ne, kowanne da ɗan aikin da ake so ka yi ka ɗora wasu su gani, wannan kam abu ne mai kyau, amma tsarin ya fi dacewa da wanda ya riga ya iya wani abu yake neman ƙari kuma yake da lokacin zama kullum, ba ɗalibin da jarabawa za ta ɗauke shi wata guda kuɗinsa na tafiya a banza ba. Akwai kuma Domestika da ba su faɗa maka ba, daga Sifen ta samo asali, bidiyonsu kam akwai kyau, zane, rubutun ƙawa, surfani, hoto, sai dai malamansu da yawa Sifaniyanci suke yi, kana bin fassarar Turanci a ƙasan bidiyo, ido ɗaya a rubutu ido ɗaya a hannun malami, a ƙaramin gilashin waya abin da wahala.

Shi kuma abokinka na YouTube ya fi su kusa da gaskiya, amma bai gama faɗa maka ba. Ilimi kam yana nan a YouTube kyauta, har da Hausa akwai masu koyar da haɗa fosta a waya, matsalar ita ce babu mai jera maka, yau ka kalli yadda ake cire bayan hoto, gobe wani ya ja ka zuwa tambari, jibi ka tsinci kanka a bidiyon ƙwallo, wata uku ka sha data ba ka haɗa katin suna ko ɗaya ba. Abin da kuɗin kwas ke saya maka a gaskiya shi ne jeri, daga ina za a fara a ina za a tsaya. To wannan jerin kana iya yi wa kanka. Ka sauke Canva ko PixelLab, duka suna aiki a wayarka, Canva ma suna da makarantarsu ta kyauta da suke kira Design School, ka zaɓi malami ɗaya tak mai jerin darussa daga farko, ka bi shi wata guda ba ka leƙa wani ba, kuma duk darasin da ka kalla kar ka wuce na gaba sai ka yi irinsa da hannunka. Kar ka kwafi nasa, ka yi naka na nan gida, katin ɗaurin aure, fostar walimar sauka, tallan mai sayar da masa a bakin makarantarku, sanarwar ƙungiyar ɗaliban ƙaramar hukumarku, har shagon POS na yayanka ma ka yi masa. In wata ya cika ka haɗa guda 10 zuwa 15, a lokacin da bakinka za ka faɗi abin da ya gagare ka, ko haɗa kala ne, ko jera rubutu ne yake fita a cunkushe, to sai ka je neman kwas ɗin da ke maganin wannan abin. A nan ne kuɗi ke yin amfani.

In ka zo saya kuma ga abin da nake dubawa ni kaina. Ina kallon bidiyon gwaji da suke bari kyauta in ji ko ina gane Turancin malamin, don wani ilimi gare shi amma saurin bakinsa ba zai bar ka ka fahimta ba. Ina duba ranar da aka sabunta kwas ɗin, saboda manhajojin nan suna canja fuska kusan kowace shekara, kwas ɗin da ya shekara biyar ba a taɓa shi ba maɓallan da yake nunawa sun bar wurin. Ina karanta ra'ayin waɗanda suka ba shi tauraro biyu ko uku, su ne ke faɗin gaskiya, masu biyar da yawa tun darasin farko suka danna. Sannan ina leƙa wurin tambayoyi in ga ko malamin yana amsawa ko ya ɗora ya yi tafiyarsa. Na ƙarshe kuma wanda ya fi duka, ina neman aikin malamin da kansa, in har bai taɓa yin abin da ya burge ni ba me zai koya min.

Kar ka manta da lissafin dala da data. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 dala ta tashi daga ɗari huɗu da wani abu ta haura 1,500 a 2024, kwas ɗin da ake ce masa mai araha a can a nan kuɗin cefanen kwanaki ne. Data kuma a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin 100. Bidiyo mai haske sosai yana iya cin gig ɗaya ko fiye a awa guda, in ka rage hasken don tsimi kuma rubutun da ke jikin manhajar da malamin ke nunawa ba zai karantu ba, to dabara ita ce ka sauke darussa da datar dare ko inda ka samu wayfai ka kalla da rana, Udemy da Skillshare duka manhajarsu tana bari a sauke, YouTube ma yana bari a bidiyo da yawa. Duk dandalin da ba ya bari a sauke darasi, a yanayin wuta da netwok ɗinmu ni ba na ba ɗalibi shawararsa.

Yanzu ga abin da babu wani malami a Amurka ko Sifen da zai koya maka, kuma shi ne ke raba mai wasa da mai cin abinci da sana'ar nan a Bauchi. Shagunan buga takardu da bana, wato babban ƙyallen talla, na garin nan yawancinsu da manhajar kwamfuta ta CorelDRAW suke aiki, in ka kawo musu aikin waya wani lokaci sai sun sake shi daga farko. Kalar da kake gani a gilashin waya da haske ake haɗa ta, ita ake kira RGB, injin bugu kuma da tawada huɗu yake aiki, CMYK, shi ya sa shuɗin da ya ƙayatar da kai a waya yake fitowa a dushe a takarda, amarya ta ce ba haka ta zaɓa ba. Hoton da aka turo ta WhatsApp an matse shi, in ka buɗa shi a bana fuskar mutum za ta farfashe, sai dai ka ce a turo maka shi a matsayin fayil. Ga kuma namu na Hausa, salon rubutu masu ƙyalli da yawa ba su da ƙ da ɗ da ɓ, kana rubuta ɗaurin aure sai ka ga akwati ya fito a wurin harafin ko ya canja kama shi kaɗai, haka Larabcin da ake sawa a saman katin biki, in manhajar ba a saita ta ba haruffan sai su rarrabu ko su juya baya, kuma wallahi na sha ganin katin da aka buga ɗaruruwa da Bismillah a wargaje, abin ba daɗi. Waɗannan a shago ake koyonsu. Ka samu wani mai shagon bugu a cikin gari ko nan bakin makaranta, ka gaishe shi da ladabi ka ce kana so ka riƙa zuwa ranar Asabar kana taya shi ko da yankan takarda ne, a nan za ka taɓa kwamfuta, a nan za a ce maka wannan bai yi ba sake. Dubu 45 ɗin nan kuma ka ci gaba da tara ta zuwa laftof ko da na hannu ne, zaɓen 2027 na tafe, aikin fosta zai yi yawa, wanda ya shirya shi zai samu.

TAMBAYA

Malam ina wuni, ya ƙoƙari. Ni matar aure ce da yara uku, ina ɗinki a gida shekara shida kenan amma na mata na gargajiya kawai na iya, riga da zani da siket, yanzu kuma kwastomomi hoto suke zuwa da shi daga Instagram su ce irin wannan suke so, abaya da dogayen riguna masu yanka kala-kala, in na ce ban iya ba sai su tafi wani wuri. Turancina ba shi da ƙarfi, sakandare na tsaya. Na ga ana tallan aji a WhatsApp da Hausa dubu 5, in shiga?
Daga wata uwa, Pantami, Gombe

AMSA

Lafiya lau 'yar'uwa, Allah ya raya zuri'a ya ƙara buɗi. Shekara shida a kan keke ba wasa ba ne, ke ba 'yar koyo ba ce, abu ɗaya ne ya rage miki kuma zan faɗa miki sunansa don ki san abin da za ki nema. Yawancin telolinmu a kan yadi suke yanka kai tsaye da alli da tef, ido da sabo ke aiki, su kuma rigunan da ake kawo miki hotonsu a takarda ake fara zana su, a fitar da gaba da baya da hannu daidai da awon jikin mai rigar, a yanke takardar, sannan a ɗora a kan yadi. In kika iya fitar da wannan asalin zanen na jiki guda ɗaya, sauran duk juya shi ake yi, a matsar da kama, a buɗa ƙasa, a canja wuya. Saboda haka duk ajin da zai ce zai koya miki salo 20 a sati biyu amma babu zanen takarda a ciki, kifi zai ba ki na rana ɗaya, gobe in aka kawo sabon hoto kin koma inda kike.

Maganar Turanci kar ta dame ki sosai, ɗinki sana'ar ido ce. A YouTube akwai mata 'yan Najeriya da yawa masu koyar da yanka, wasu da Hausa wasu da Turancin da muka saba ji, kuma akwai wurin rage saurin bidiyo a saitin, ki mayar da shi rabi ki ga inda almakashi ya bi. In kin yi Islamiyya kina ɗan jin Larabci ma, darussan abaya na Larabawa suna da yawa, ko ba ki gane duk maganar ba lambobin awo da hannun mai yankan sun isa. Manyan dandalin nan na waje ban ga dalilin da za ki kai kuɗinki can yanzu ba, yawancin abin da suke ɗinkawa ba shi matan Gombe ke sawa ba.

Ajin WhatsApp kuwa, akwai na kirki akwai na cuta, kuma zan gaya miki don ni ma an taɓa yi min. Shekarun baya na biya kuɗin wani aji na haɗa bidiyo, aka zuba mu a guruf mun fi ɗari, ashe bidiyon wasu mutane yake kwasowa yana turo mana, ka yi tambaya shiru, sati bai cika ba aka kulle guruf ɗin lambar ma ta daina shiga. Kuɗin bai kai ciwon da na ji ba, don akwai waɗanda na san rance suka yi suka shiga. Tun daga nan nake cewa kafin ki tura ko sisi ki nemi abu uku. Ta nuna miki bidiyon da ita da kanta take yanka, hannunta da muryarta, ba hoton rigar da ko'ina ake samu ba. Ki tambaya ko in kin ɗinka kin turo za ta duba ta gyara miki, kuma ku nawa ne a ajin, don mutum ɗaya ba zai duba aikin mata 200 ba. Sannan ki nemi wata da ta taɓa yin ajin ki ji daga bakinta, in da hali 'yar garinku. Mai gaskiya ba za ta ji haushin waɗannan tambayoyin ba. In ta cika su dubu 5 ba ta yi yawa ba, har ma na fi son ki biya 'yar'uwarki mai jin yarenki da za ta ce miki hammatar nan ta matse ki sauke ta inci ɗaya. Ki fara gwaji da takardar buhun siminti ko tsohuwar jarida da yadi mai araha, kar ki taɓa leshin kwastoma sai hannu ya faɗa.

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne mai ritaya. Yarona ya gama digiri ya yi bautar ƙasa, yau shekara biyu ba aiki, yanzu ya zo min da maganar wai in ba shi kuɗi zai yi kwas a wani abu Coursera, za a ba shi satifiket na tsara manhajar waya daga Google. Ni ban san kan abin ba, ina tsoron kar a cuce shi ko kuma takardar ta zama ba ta da amfani. Mene ne gaskiyar lamarin?
Daga wani uba, Azare

AMSA

Wa'alaikumussalam Baba, ranka ya daɗe, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ka kwantar da hankalinka, Coursera ba 'yan damfara ba ne. Wasu malamai biyu na jami'ar Stanford a Amurka, Andrew Ng da Daphne Koller, su suka kafa ta a 2012, kuma bambancinta da sauran shi ne jami'o'i da manyan kamfanoni ne ke kawo darussan, ba kowa ke shigowa ya koyar ba. Kwas ɗin da yaronka yake nufi na gaske ne, Google ne suka shirya shi, ana koyon yadda ake tsara fuskar manhaja ta yi wa mai amfani da ita sauƙi. A can kuma akwai jerin darussan girafiks na makarantar fasaha ta CalArts da ke California, wanda ni a ganina yana cikin mafi kyau ga mai son ya gane tushen abin, yadda ake jera rubutu da hoto da dalilin da ya sa wani aiki ke kama ido wani ba ya kamawa.

Amma Baba gaskiya biyu zan faɗa maka. Ta farko, takardar ba digiri ba ce, kuma ba irin wadda ake kaiwa ma'aikata a ɗauki mutum ko a ƙara masa mataki ba ce, shaida ce kawai cewa ya bi darussan ya gama. A wannan sana'ar mai ba da aiki abin da yake cewa shi ne nuna min abin da ka yi. In yaron ya gama da takarda amma babu ayyuka uku ko huɗu da zai buɗe ya nuna, takardar ba za ta yi masa magana ba. In kuwa ya yi ayyukan da kwas ɗin ke sa shi da gaske, to su ne ribar.

Ta biyu, wataƙila ma ba sai ka fitar da kuɗin fanshonka ba. Coursera suna da tsarin tallafi ga wanda ba shi da hali, mutum ya cika fom ya bayyana yanayinsa da dalilin da yake son kwas ɗin, ya jira kamar sati biyu su ba shi amsa, 'yan Najeriya da yawa ta nan suka bi. Ka ce ya fara gwada wannan, kuma ya rubuta da kansa da gaskiyarsa kar ya kwafo na wani. Sannan akwai shirin gwamnatin tarayya na 3MTT da ma'aikatar sadarwa ƙarƙashin minista Bosun Tijani ta fara a 2023 da nufin horar da mutum miliyan 3, kyauta ne, a cikin fannoninsa akwai wannan tsara manhajar da kuma zanen katun mai motsi, ya riƙa bibiyar shafinsu don ya san lokacin da ake ɗauka. In duk bai samu ba sai an biya, ka sani kuɗin wata-wata ne, duk watan da ya ƙara kuɗi ne, saboda haka ku zauna ku yanke wata nawa zai yi, kuma duk ƙarshen sati ya zo ya buɗe kwamfuta ya nuna maka abin da ya zana. Ko ba ka san kan abin ba Baba za ka gane wanda ke aiki da wanda ba ya yi. Yaron da ya zauna shekara biyu bai yanke ƙauna ba har yake neman abin koyo, a taimaka masa.

TAMBAYA

Malam don Allah taimaka, na shiga gwajin kyauta a wani dandali na koyon zane suka ce in sa katina ba za a cire komai ba, na manta da shi, yau na tashi na ga an kwashe min kuɗin shekara guda. Akwai yadda zan yi?
Daga wani matashi, Tumfure, Gombe

AMSA

Subhanallah, sannu ɗan'uwa, Allah ya mayar da alheri. Yau ɗin nan kar ka kwana, ka shiga asusunka ka kashe sabunta biyan, sannan ka rubuta wa sashen taimakonsu cewa ba da niyya ka bari ya sabunta ba kuma ba ka kalli komai ba tun da aka cire, ka haɗa da hoton alat ɗin banki da ranar. Kar ka buɗe darasi ko ɗaya kafin su amsa. Wasu suna mayarwa in aka yi saurin magana, wasu dokarsu ta ce ba sa mayarwa, amma rubutawar ba ta cin komai. In ta Google Play ka biya to can za ka nemi mayarwar, kuma can ne ma za ka kashe shi, goge manhaja daga waya ba ya tsayar da cirar kuɗi, mutane da yawa a nan suke faɗawa.

Ga sauran masu karatu, wannan zai ƙara yawa yanzu, don a 2022 bankuna da yawa sun rufe biyan kuɗin waje da katin naira, a 2025 kuma wasu suka sake buɗewa, katin da da can ba ya wucewa yanzu yana wucewa. Duk gwajin kyautar da ya nemi kati to ranar da ya ƙare zai cira da kansa, sau da yawa kuma na shekara ne ba na wata ba. Ka karanta ƙananan rubutun da ke ƙasan maɓallin, ka sa ƙararrawa a waya kwana biyu kafin ranar, ko ka yi amfani da katin da ba ka ajiye kuɗi a ciki.

TAMBAYA

Yaya barka da aiki. Ina ɗaukar hoton biki da waya ina so in koma bidiyo, ina da laftof mai RAM 4, an ce min DaVinci Resolve kyauta ne kuma shi manya ke amfani da shi, a ina zan koye shi?
Daga wata ƙanwarku, Fadaman Mada, Bauchi

AMSA

Barka kadai ƙanwata. Gaskiya aka faɗa miki, DaVinci Resolve, wato manhajar haɗa bidiyo a kwamfuta, yana da na kyauta kuma kamfanin da ya yi shi, Blackmagic Design, ya zuba littattafai da bidiyon koyarwa kyauta a shafinsa, ba sai kin biya kowa ba. Sai dai laftof ɗinki ba zai ɗauke shi ba, RAM, wato ƙwaƙwalwar aikin kwamfuta, gig 16 yake so, a kan 4 zai yi ta sandarewa har ki tsani aikin. Ki fara da CapCut a wayarki, ya isa ki koyi yanka da jera hoto da daidaita sauti, waɗannan kuwa duk manhajar da kika koma gaba da su za ki tafi. Ɓangaren ɗauka kuma jami'ar jihar Michigan tana da jerin darussan hoto a Coursera da suka faro tun daga kan waya har babbar kyamara, ki nema ta hanyar tallafin da na gaya wa Baba a sama.

Ke kina da abin da maza masu kyamara ba su da shi, kina shiga cikin gida wurin kamu da lalle da wankan amarya inda ba a barin namiji, iyalai da yawa mace suke nema su rasa. Abin da zai ba ki wahala a can haske ne, ɗakunanmu da duhu kuma yawanci da yamma ake taro, saboda haka in za ki kashe kuɗi ki fara da ƙaramar fitila mai caji da abin riƙe waya da ɗan makirufo na maƙalawa a riga kafin kowane kwas. Ki nemi izinin uwar amarya kafin ki ɗora komai a intanet, ko da daƙiƙa goma ne. Bikin da za ki je na gaba ki haɗa na minti biyu ki turo mana ta adireshin mujalla, zan kalla in gaya miki inda za ki gyara in sha Allahu.